Yayana, Mai Shiga Gida Ba Sallama

Ranar da muka kai yayana makwancinsa, kasuwar Dutsin-Ma ba ta ci ba sai bayan azahar. Mahauta suka rufe nama suka biyo mu, maƙera suka zo da baƙin gawayi a hannu suna neman inda za su kama makara. Washegari mutanen Kurfi da na Birchi suka iso a kan jakuna. Duk wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya tsaya mini a rai matan ne. Matan aure da ko mu maƙwabta ba mu san kamanninsu ba, mazansu da kansu suka ba su izini, suka fito da rana tsaka suka cika gidan gadonmu, muna jin kukansu daga zaure.

Wata tsohuwa ta tsaya a gabana da sandarta, ta ce, "Malam, kai wa ka rasa, mu uba muka rasa. Shi ya hiddo ni a goye, zanena shina ci da wuta." Wani dattijo ya karɓe, ya ce ai in ba don marigayi ba, da jikokinsa sun zama toka tun suna cikin tsumma. Kowa da nasa labarin, kowa kuma yana ba ni shi dalla-dalla, sai ka ce ni ne baƙon da bai san mamacin ba.

Ina cewa amin, ina cewa mun gode, cikina kuwa yana ƙuna. Gara in faɗa tun yanzu, don mai karatu ya san da wa yake magana: kishi ne. Ba hassada ba, don ban taɓa roƙon Allah ya karɓe abin da ya ba shi ba. Na yi kishin aikinsa, na yi kishin sunansa, kuma fiye da komai na yi kishin waɗannan mutane da yake shiga gidajensu. Gida ɗaya ne a garin nan ya daina shiga, shi ne nawa, kuma shekaru masu yawa na yi ina kasa kunne ko zai shigo. Yanzu an ce hukumar En'e za ta turo wasu samari daga birni su karɓi aikin, kuma na san halin mutane, kafin ciyawa ta fito a kabarinsa sun fara mantawa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, malamin allo da ya taso daga Rawayau ya zauna a gindin dutsen nan muna ƙanana. Yaya ya girme ni, ni ne autan maza, amma na fi shi tsawo, na fi shi ƙarfi, na fi shi gudu. Duk gari ya san haka, don ban bar kowa ya manta ba.

A farkon zamanin Nasara, bayan an kafa baitulmali an buɗe kasuwar auduga, wata gobara ta tashi da rani ta cinye audugar da aka tara, ta haɗa da unguwa guda. A lokacin kashe wuta aikin kowa ne, wato ba aikin kowa ba. A yi kuwwa, a fito da tuluna, kowa ya nufi gidan ɗan'uwansa, wuta kuma ta bi inda ta ga dama. Bature mai rangadi ya zo ya ga toka, ransa ya ɓaci, ya ce wa hakimi a nemo mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai wannan, na dindindin, baitulmali ta riƙa ciyar da shi, a kuma ɗauke masa aikin hanya. Matasan gari muka yi ca. Ni a raina har na gama zaɓen inda zan rataye ɗamarar aikin.

Sharuɗɗan Bature tafinta ne ya faɗa mana su a ƙofar hakimi. Kada mutum ya zama yaro, kada ya zama tsoho, kuma lallai mai aure, don a san inda yake kwana. Aka jingina mu da wata sanda aka gwada tsawo, aka ƙwanƙwasa ƙirjinmu, mai tari ya koma gida. Sa'an nan abin da ya kori mafi yawa: wanda aka ɗauka ba fatauci, ba cin rani, ba gona mai nisa, ba zai wuce inda kuwwar gari ke kaiwa ba. Da jin haka rabin mutane suka tuna suna da uzuri. Mu da muka rage aka ɗora mana buhun dawa muka hau dutse da shi muka sauko, aka sa mu hawa jinka. Ni na fara kaiwa, ni na fara dawowa. Yaya ya iso yana haki, na miƙa masa ruwa a gaban kowa, don a gani.

Hakimi kuwa ya san garinsa fiye da Bature. Ya ce saura nasa gwajin, bai faɗi ko mene ne ba. Muna zaune da hantsi sai ga hayaƙi ya turnuƙe daga gidan wani attajiri mai mata a kulle, ga kururuwar mata daga ciki. Muka zuba a guje. Na riga kowa isa, na shiga zaure, na kai ƙofar da ke shiga cikin gida, sai na tsaya na yi sallama. Ban yi shawara da kaina ba, bakina ne ya yi, ƙafafuna kuma suka jira amsa, kamar yadda aka koya musu tun ina tatata. Gidan mutum ne, matansa na ciki. Na sake ɗaga murya na yi ta biyu. Ina cikin haka na ji kafaɗa ta ture ni. Yaya ne, ya jawo hularsa ta rufe masa goshi, ya sunkuyar da kai, ya kutsa yana cewa, "Ku ruhwa jiki, ga namiji. Ku ruhwa, ga namiji."

Ashe ɗanyen kara ne aka tara aka kunna a tsakar gida, matan gidan an kwashe su tun da safe, tsofaffi aka ajiye su yi kururuwa su kuma sa ido. Su suka ba da shaida cewa ya shiga bai jira kowa ba, kuma har ya fita bai ɗaga ido ya dubi fuskar ko ɗaya ba. Hakimi ya tara masu gida ya tambaye su ko sun yarda wannan ya shiga gidajensu ba izini in wuta ta tashi. Suka ce sun yarda. Aka ba shi ɗamarar fata mai tagulla, da doguwar gora mai ƙugiya a baki.

Da yamma na kai ƙara wurin mahaifinmu, ina jiran ya ce an cuce ni. Ya ce, "Abin da na koya maka ka yi, ba ka yi laihi ba." Na ji sanyi. Sai ya juya wurin Yaya ya ce, "Kai kuma ka yi abin da ban koya maka ba, kuma shi ne daidai. Rai shina gaba da sallama." Ya sa masa albarka doguwa. Ina durƙushe a gefe ina cewa amin, ban san akwai amin mai ɗaci haka ba.

Kada a ɗauka waliyyi nake ba da labarinsa. Yaya yana son ɗamarar nan, kullum tana shan toka da lemun tsami har tana ƙyalli, kuma da yara suka laƙaba masa Sarkin Gobara bai taɓa hana su ba. Faɗa gare shi. Da rana tsaka, lokacin da mutanen kirki ke neman inuwa, shi yana bin lungu yana shinshina iska. In ya ga an aiko yarinya ɗiban wuta a buɗaɗɗen kasko, sai ya mayar da ita ya tsaya a bayan darni ya yi wa uwarta tas. Kafin kowane rani ya shiga gida gida ya duba murhu, ya ce a matsar da wannan, a sauke wancan. Ya hana maƙera tara gawayi kusa da zana, suka yi ta gunaguni, suka kuma bi. Ruwa bai cika damunsa ba, yakan ce kafin tulu ya zo daga rijiya wuta ta gama karin kumallo. Aikinsa shi ne ya watsa ƙaiƙayi sama ya ga inda iska ta nufa, ya sha gaban wutar, ya sa ƙugiya ya tuge jinka da darnin da ke kan hanyarta, ta iso ta rasa abin ci.

Duk jinkar da ya tuge, shi yake yanko shuci ya taya a mayar. Gidan da aka yi gobara kuma ba ya shan ko ruwansu, ya ce abin da ya rage musu bai kai a yi baƙo da shi ba. Akwai wata gwauruwa da ɗakinta ya ƙone ƙurmus, ya ɗauki kwanaki yana yi mata gini, da ta rasa abin ba shi ta kawo masa kaza, ya karɓa ya yi godiya, washegari ta tarar da kazar a ɗaure a ƙofarta.

Ni kuwa ina koyar da yara a zauren mahaifinmu, ina noma, ina kallonsa. Wani lokaci shaiɗan ya zuga ni in ja bakinsa. "Yaya, gidan wane da ka shiga jiya, da gaske ne abin da ake hwaɗi, wai ko tabarmar kirki babu?" Sai ya dube ni ya ce, "Hayaƙi na gani, Auta." Kullum amsar ke nan. Mutumin da ya san cikin kowane gida a Dutsin-Ma, ya tafi kabari bai ba ni labarin ko tukunya ɗaya ba. Da aka kai ƙanwarmu aure Birchi bai je ba, sharaɗin aikinsa ya hana, ni na wakilce shi. Na sa babbar rigata, na yi addu'a mai tsawo, mutane suka saurara, da na shafa sai suka ce, "Ina Sarkin Gobara? Kai ne ƙanen nashi?" Haka na dawo, sunana ƙanen wane.

To, ga yadda muka ɓata. Wata shekara da bazara, bayan na gina gidana a gabas da kasuwa, wuta ta tashi daga wurin mai tuya ana gab da azahar. Mai ɗakina tana jego. Ina kan katanga da guga sai ga shi ya shigo da kalmarsa ta kullum, ya watsa ƙaiƙayi, ya dubi sama, ya ce wa mutanen da suka biyo shi, "A tuge wanga gida duka." Na ce, "Yaya, wutar ba ta iso ba." Ya ce, "In ta iso mi za a tuge?" Bayan gidana ne ake tara auduga, bayanta kuma sauran gari. Na riƙe gorarsa, ya fizge. A gabana suka sauke jinkar ɗakunana, suka kwantar da darni, suka ture rumbuna, hatsin shekara ya watse ana tattake shi ana zuba masa ruwa da ƙasa. Mai jego ta fita da jariri a hannu cikin rana.

Sai iska ta juya. Wutar ta koma kudu ta mutu a wani kango, ko ƙofata ba ta lasa ba. Gidana ne kaɗai aka rushe a layinmu ranar nan, kuma a banza. Mutane suna ta cewa ai bai san gaibu ba. Na yarda bai sani ba, amma har yau ban ce ya yi daidai ba, kuma ina zaton da gidan wani ne da ya ɗan jira. Nawa ya fi sauƙin tugewa, don kada a ce ya yi son kai. Na tsaya a kan hatsina na ce masa, a gaban jama'a, "Kowane gida naka ne a garin nan, amma ban da wanga. Kada ka ƙara shigo mani." Ya dube ni, fuskarsa duk toka, ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ya riƙe ta kamar alkawari. Washegari na tarar da dammunan shuci a ƙofata, ya turo masu jinka, shi kuma ya tsaya a waje yana ba su umarni ta saman katanga. Hatsi ya riƙa zuwa daga gidansa har kaka, ina karɓa don iyali, ba na godiya. Ranar sunan ɗana na gaba, a titi ya shimfiɗa buzunsa. Muna gaisawa a masallaci, muna zama tare a zauren mahaifinmu, in ya zo ƙofata kuwa sai ya tsaya kamar an ja layi. Mahaifiyarmu ta yi kuka, ta ce mu ji tsoron Allah. Shi ya ce mata, "Inna, mai gida ya hana." Ni na ce, "Inna, da can wa yake tambaya kafin ya shiga?" Ta rasu ba ta ga shirinmu ba.

Abin da na so shi ne ya keta maganata. Mutumin da ba ya jiran izinin hakimi, ba ya jiran na liman, me ya sa ni kaɗai zai jira nawa? Shi kuma, na gane daga baya, yana jiran in ce shigo. Haka muka tsufa. Duk gabanin rani ina zaune a tsakar gidana ina jin muryarsa a gidan maƙwabcina na dama, yana faɗa a kan murhu, matan suna dariya suna ba shi haƙuri. Sai in ji ya fito, in ji takunsa ya zo daidai ƙofata, ya ɗan rage, ya wuce gidan hagu. Wani lokaci ya ɗaga murya daga can, "A gaya ma mai gidan tsakiya darninshi ya bushe da yawa." Ni ma in ɗaga tawa, "A gaya ma Sarkin Gobara mai gidan ya ji." Yara su yi ta dariya, suna tsammanin wasa ne.

Hayaƙin da ya sha tsawon shekaru shi ya kama masa ƙirji. Mutumin da aka ɗauka aiki don ba ya tari, ya koma ba ya iya gama fatiha sai ya tsaya. Da ya kwanta, gidan gadonmu ya zama kasuwa. Wannan ta aiko kunu, wancan ya kawo sassaƙe, attajirai suna gardama a kan wa zai ɗauke shi ya yi jinyarsa a gidansa, kowa na kawo hujjar abin da ya yi masa. Ina zuwa kullum, in sami gefe a bakin ƙofa, in hango ƙafafunsa ta tsakanin mutane, in koma gida da haushina.

Wata safiya ina nan a bakin ƙofa sai na ji ya ce, "Ina Auta?" Aka buɗa mini hanya. Ya ce kowa ya fita, har matarsa. Ya rame, idanunsa sun faɗa, amma faɗan yana nan.

"Ɗakin ga ya cika," ya ce. "Ban iya numhwashi. Kai ni gidanka."

Na ce, "Yaya, ai ka san abin da na hwaɗi."

"Na ji ka ranar. Kai ni."

Na ce bari in nemo jaki. Ya ce, "Kai da ka hi kowa ƙarhi?" Na durƙusa, ya rataya hannuwansa a wuyana, na miƙe da shi. Bai kai nauyin damin gero ba. Mutane suka taso za su taimaka, na ce kada wanda ya taɓa shi. Wani attajiri ya biyo mu yana cewa ɗakinsa ya fi iska, ya fi fili. Yaya ya ce masa daga bayana, "Na gode. Wurin ƙanena za ni." Na ratsa kasuwa da shi a goye, duk gari na kallo, kuma ba zan ɓoye ba, ban yi sauri ba.

Na wuce zaure da shi, na shiga, na kwantar da shi a ɗakina. Mai ɗakina ta tsuguna tana kuka tana yi masa sannu da zuwa, kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Ya daɗe yana kallon tsakar gida ta ƙofa, yana kallon jikokina da bai taɓa gani a cikin gidansu ba. Can ya ɗaga yatsa da ƙyar ya nuna madafa, ya ce, "Murhun nan ya yi kusa da jinka. Shekara nawa shina haka?"

Na ce, "Tun ranar."

Ya ce, "Kullum in na wuce ina jin warinshi, in kasa barci." Ya yi tari mai tsawo. "A matsar da shi yau."

Na fita na ɗauke duwatsun murhun da hannuna, da zafinsu, na kai su tsakiyar fili, yana kallo. Da na dawo ya kama hannuna ya juya shi ya ga inda ya ƙone, bai kuma sake shi ba. Kwanakin da suka rage masa a ɗakin nan ya yi su, masu dubiya suna tsayawa a zaure sai na ba su izini. Ya cika da hantsi, kansa a cinyata, ni na laƙƙana masa kalmar shahada, ni na rufe masa ido.

Har yanzu masu gaisuwa ba su yanke ba, har yanzu kowa na ba ni labarin ranar da ya ɗauko shi daga wuta, kuma har yanzu in sun fara sai in ji abin nan ya motsa a ƙirjina. Sun same shi da ƙarfinsa, shekara da shekaru, ni kwanaki kaɗan na samu. Ina barinsu su gama. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa ɗaukarsa.

Allah ya jiƙan yayana, ya sanyaya masa kabari, ya haramta jikinsa ga wuta. Ya haɗa shi da iyayenmu, ya sa Inna ta ji cewa ya shigo.